Takarda Ba Ta San Maci Tuwo Ba

Wata Asabar bayan girbin gero na bi ta filin firamaren garinmu, nan ƙasar Ringim, don in kalli atisayen yara kamar yadda na saba in an sauko daga la'asar. Na tarar ƙwallo tana yashe a tsakiyar fili ba mai kula ta. Yara 23 sun yi zaman dirshan a gindin darbejiya, kowa da takarda a cinya, biro huɗu na zagayawa a tsakaninsu. Da farko na ɗauka sunayen masu cin tallafi ake rubutawa.

Ashe ɗan ƙanwata ne da ke ajin ƙarshe a jami'a ya zo da aikin bincikensa. Ya ce min, "Kawu, so nake in auna ko yaran nan son ƙwallon suke yi tsakani da Allah, ko kuwa wani abu suke hange." Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Ɗalibi ne, malaminsa ya sa shi, ban ga abin faɗa ba.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne maganar kocinmu bayan an tattara takardun. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, abin nan ya zo a kan gaɓa. An ce in kai yara biyar gwaji Kano. In yaron nan ya gama lissafinsa zan karɓi sakamakon. Duk wanda takarda ta nuna don kuɗi yake yi, ba zan ɓata kuɗin mota a kansa ba."

Tun ranar maganar take cina. Na kuma san ba shi kaɗai zai yi wannan tunanin ba, domin mu mutane ne masu girmama duk abin da ya zo a rubuce da Turanci, musamman in da lambobi a gefensa.

Ga ra'ayina tun da wuri: takardar tambayoyi ba ta isa ta rabe yaron da ƙwallo ke jininsa da wanda ke neman abin duniya ba, balle a ce da ita za a yanke wa ɗan talaka hukuncin shiga mota ko zama a gida. Tana da amfaninta, zan zo kansa. Amma in har wani za ta auna a filin nan, koci ya kamata ta auna.

Daga ina takardar ta fito?

Daga intanet ɗan ƙanwata ya sauko da ita. Sunanta a taƙaice SMS, amma ba na waya ba, wato Sport Motivation Scale, ma'aunin ƙaimin 'yan wasa. Wasu masana halayyar ɗan Adam ne a Kanada, da Luc Pelletier na Jami'ar Ottawa a gabansu, suka fitar da ita da Turanci a 1995, bayan an fara tsara ta da Faransanci. Tambaya ɗaya ce a samanta: me ya sa kake wasan da kake yi? A ƙasa an jero amsoshi 28, kowace ka ba ta maki daga 1 zuwa 7, gwargwadon yadda ta dace da kai.

Tushenta ra'ayin wasu Amurkawa biyu ne, Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester. Sun ce ƙaimin da ke tura mutum yin abu hawa-hawa ne. A sama akwai mai yi don abin da kansa yana masa daɗi. A ƙasa akwai mai yi don lada ko tsoron hukunci. Can ƙarshe kuma ga wanda shi kansa bai san me ya kawo shi ba. Suka ce na farko ya fi daɗewa ya fi jure wahala, kuma abu uku ke raya shi: mutum ya ji da yardarsa yake yi, ya ji yana ƙara iyawa, ya ji yana da daraja a wajen abokan tafiyarsa.

Ba ni da ja a kan wannan. Ba ma baƙon zance ba ne a wajenmu. Hadisin farko da ɗan Islamiyya ke haddacewa a kan niyya yake, kuma malamanmu sun daɗe suna rabe ikhlasi da riya. Sai dai ban taɓa jin malamin da ya ce za a gane mai ikhlasi ta hanyar sa shi ya ba kansa maki ba. Hasali ma, wanda ya yi saurin shelar ikhlasinsa, shi aka fi yi wa kallon tuhuma.

Abin da na gani a gindin darbejiya

Yara kaɗan ne ke iya karanta Turancin, don haka koci ne ya tsaya yana karantowa yana fassarawa. A lura da wannan: mutumin da ke da ikon sa ka a fili ko ya ajiye ka a benci, shi ke tambayarka ko kana son wasan, ga kuma sunanka ɓaro-ɓaro a saman takarda.

Da aka zo wata amsa mai ma'anar cewa a da ina da dalilin yin wasan nan, yanzu kuwa ina tambayar kaina ko in ci gaba, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wane yaro ne zai ba wannan maki 7 a gaban kocinsa, ana saura mako biyu a tafi Kano? Ko da kuwa daren jiya da tunanin ya kwana.

Akwai wani ɗan wasan tsakiya, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ɗan aji biyu a babbar sakandare. Tun a amsa ta biyar ya gano inda aka dosa. Na ga ya daina sauraron fassara. Duk inda aka ambaci daɗi ko koyo sai ya zagaye 7, duk inda aka ambaci mutane ko suna sai ya zagaye 1. Ya riga kowa gamawa, har yana ara wa na kusa da shi biro. Ban ga laifinsa ba, jarrabawa ya gani ya kuma ci. Amma ni na san shi, ko yayyafi aka yi ba ya fitowa atisaye.

Sai golanmu. Bai wuce shekara 18 ba, maraya, shi ne babba a ɗakinsu. Kowace Lahadi yana kasuwar Gujungu yana dako tun sassafe, ya dawo da yamma ƙafafu butu-butu da ƙura, ya zarce fili ko gida bai leƙa ba. Safar hannunsa ta yage tun bara, da zaren buhu ya ɗinke ta. Da koci ya karanto amsar da ke cewa don jin daɗin da nake samu, sai na ga ya yi jim, ya dubi ƙasa, ya zagaye 2. Da aka zo wadda ta shafi samun daraja a idon mutane, ya zagaye 6.

Bayan an tashi na kira shi na tambaye shi. Ya ce, "Malam, ta yaya zan ce don jin daɗi nake yi, alhali Inna tana can tana surfe? Ai sai a ce ba ni da hankali. So nake in zama wani abu in ɗauke mata."

A lissafin takarda wannan yaro mai hangen waje ne. Ɗan wasan tsakiya kuwa shi ne zakara.

"A fassara ta da Hausa mana"

Abin da ɗan ƙanwata ya fara ce min ke nan da na yi masa ƙorafi. Na ce bisimilla, mu gwada.

Kalmar farko ma ta kayar da mu. Son da ke fitowa daga zuciyar mutum, in ka kira shi son zuciya ka yi zagi, domin son zuciya a Hausa kwaɗayi ne da cin haƙƙin wani. Son rai ma haka. Jin daɗi kuwa, a kunnen mutumin karkara, abin mai hali ne ko na shashasha. Saurayin da ya ce yana wani abu don jin daɗi a lokacin da ake noman firi ya jawo wa kansa magana. Amsar da ke cewa don in nuna wa mutane iyawata, da ka mayar da ita Hausa ta zama taƙama, kuma ba ɗan mutuncin da zai amsa ta ko da ita ce gaskiyarsa. A Ottawa wataƙila waɗannan jimloli fayau suke. A nan kowace da kayan da ta ɗauko a ka.

Mu kalmominmu daban ne. Muna cewa yaro yana da naci, ko jarabar ƙwallo gare shi, ko abin a jininsa yake, ko yana da zuciya. Duk kuma wasu ne ke faɗa a kanka. Kai da bakinka ba ka faɗa, tunda an raine ka a kan cewa yabon kai jahilci ne.

Sannan ga batun makin. Mutumin da in ka je duba shi yana kwance rai a hannun Allah, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi, shi za ka ce ya tantance maka tsakanin 5 da 6? Na ga yara uku da suka zagaye 7 daga sama har ƙasa, har da amsoshin da ke karo da juna. Ladabi ne ya sa su. Baƙo ya zo da takarda, ɗan ƙanwar Malam ne kuma, ba a ce masa a'a.

Masu bincike suna da hanyar fassara irin wannan takarda. Wani ya mayar da ita Hausa, wani daban da bai ga ta asali ba ya sake juya ta Turanci, a gwama biyun a ga inda ma'ana ta zame, sannan a jarraba ta a kan ɗaruruwan mutane kafin a amince da ita. Aikin watanni ne da kuɗi. Fassarar tsaye da koci ya yi, awaki na kuka a bayansa, ba ta kama ƙafar wannan ba.

"Ai kimiyya ce, an gwada ta"

An gwada, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba ta nuna komai ba. Shi Pelletier da abokansa sun bi 'yan gasar ninƙaya 369 a Kanada har tsawon wata 22. Waɗanda tun farko suka nuna son abin don kansa sun fi zama, waɗanda suka nuna ba su san me ya kawo su ba sun fi ajiyewa. A Faransa ma an bi 'yan mata 335 masu ƙwallon hannu tsawon wata 21, aka samu kusan haka.

Amma dubi yadda aka yi. Ɗaruruwan mutane aka haɗa aka duba inda rinjaye ya karkata. Abin da ya tabbata a kan taron mutum 369 ba lallai ya tabbata a kan yaro ɗaya ba. Kowa ya san ruwan sama ya fi yawa a Tudun Wada fiye da Maigatari, amma sanin haka ba zai gaya maka buhu nawa gonar wane za ta bayar bana ba.

Kuma da zarar an ɗaura wa takarda wata riba, ta tashi daga ma'auni ta koma jarrabawa. Ɗan wasan tsakiyarmu ya nuna haka cikin minti goma.

Akwai kuma tambayar su wa aka saba gwaji a kansu. Wani nazari da aka yi a 2008 kan manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan ƙasashen Yamma masu arziki ne, ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Yaron da iyayensa ke kai shi wurin ninƙaya a mota, in ya ce don daɗi yake yi, gaskiya ya faɗa, don ba abin da ya baro a baya. Namu sai ya haƙura da ƙwadagon yamma kafin ya zo fili.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne, shi kansa Deci ba a kan takarda ya dogara ba da farko. A gwajinsa da aka buga a 1971, ya ba ɗalibai 24 wani wasan ƙwaƙwalwa na haɗa 'yan gutsattsari bakwai su ba da siffofi iri-iri. Zama uku aka yi. A zama na biyu ya biya rabinsu dala ɗaya a kan kowace siffa da suka haɗa, a na uku ya ce musu babu kuɗi. A tsakiyar kowane zama sai ya yi kamar wani uzuri ya taso, ya fita ya bar ɗalibi shi kaɗai minti 8, ga wasan ga mujallu a kan tebur, ana leƙensa ta wani gilashi bai sani ba. Waɗanda suka ɗanɗani kuɗin, da aka janye, sai suka rage taɓa wasan. Waɗanda ba a taɓa biya ba kuwa ba su rage ba.

Wato Bature ya sha doguwar hanya ya iso inda kakanninmu suka ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ma'aunin farko na wannan ilimi shi ne a janye miyar, a koma gefe a zuba ido. Takarda ta samu karɓuwa ne don ta fi sauƙi ta fi arha.

"Mai yi don kuɗi zai gudu ya bar ka"

Hujjar koci ke nan, kuma na san inda take masa ciwo. Ya taɓa rainon yaro shekara uku, da kuɗin aljihunsa yake saya masa but ɗin gwanjo. Ranar da wani kulob a gari na gaba ya yi wa yaron tayin ɗan abin sabulu a kowane wasa, sai ya tafi ko sallama babu.

Amma wannan rabon da ake yi, wai ga mai so ga mai neman kuɗi, kamar mutum ɗaya ba zai zama duka biyun ba, rabon ƙoshi ne. Je ka gidan dambe bayan kaka. Ɗan damben da ya ɗaure hannu ya shigo fili, makaɗi na kiran kakanninsa, me ya fito da shi? Kuɗi, ko suna, ko kishin ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada? Ko kuwa jikinsa ne ke tsuma in ya ji kalangu? Duka. In ya yi kisa a turmin farko aka yi masa liƙi ba zai mayar ba, kuma liƙin bai rage komai daga tsumar ba. Manomin da ke son gonarsa kamar ransa ma, riɗin da ya noma kasuwa zai kai.

Yaranmu suna kallon Ahmed Musa. Sun san ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya je Ingila. Sun san biyun da ya zura wa Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014 da biyun da ya zura wa Aisland a 2018. Sun kuma san cibiyar wasannin da ya gina a Kano. Za ka ce wa yaron da ke kwana a ɗaki mai yoyo kada ya hangi wannan, in kuma ya hanga to sonsa ya gurɓace?

Su kansu masanan ba su ce kuɗi ko da yaushe yana kashe so ba. A Amurka wani mai suna Dean Ryan, daban da Ryan ɗin farko, ya duba ɗaliban jami'a da ake ɗauke wa kuɗin makaranta saboda wasa. A 1980 ya samu cewa a cikin masu buga ƙwallon nan ta Amurkawa, waɗanda ake biya wa sun fi ƙarancin sha'awa. Amma a cikin 'yan kokawa da 'yan wasa mata abin juyewa ya yi, waɗanda ake biya wa su suka fi sha'awa. Bayanin da aka ba da shi ne, inda tallafin ke da wuyar samu, wanda ya samu yana jin iyawarsa aka yaba. Inda ya zama ruwan dare kuwa, sai ya koma linzami a hannun koci.

Ke nan yadda aka miƙa kuɗin ke yin tasiri. Ko dai su zo a matsayin tukwicin ka yi ƙoƙari, ko su zo a matsayin igiyar in ba ka yi ba in ƙwace. Ga shi mun sake dawowa kan koci.

Ɗan na gada fa?

A garuruwanmu wasa sau da yawa gado ne. Dambe an san shi da gidajen mahauta, kokawa ma akwai gidajen da ta zauna. Tambayi ɗan gidan me ya sa yake yi, zai ce na gada. Mai lissafi zai iya jefa wannan a layin matsin lamba daga waje. Mu kuwa mun ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya.

A 1999 Sheena Iyengar da Mark Lepper sun gwada 'yan firamare a San Francisco da wasan haɗa kalmomi. Yaran Turawa sun fi ƙoƙari in su suka zaɓi wanda za su yi. Yaran da iyayensu suka fito daga Asiya kuwa sun fi ƙoƙari da naci in an ce musu mahaifiyarsu ce ta zaɓa. Da a garinmu aka yi, na san ɓangaren da golanmu zai faɗa.

Su Deci suna da amsa: yin abu da yarda ba ya nufin yin sa kai kaɗai, mutum na iya rungumar abin da iyaye suka ɗora shi a kai har ya zama nasa. Na yarda. Sai dai takardar 1995 ba ta da layin wannan mataki, inda abu ke zama wani yanki na mutum har ya ce ni ke nan. An soki wannan giɓi, wasu masana a Ostireliya suka fitar da gyararriya a 2007, su Pelletier da kansu suka sake tsara tasu a 2013, suka rage amsoshin zuwa 18 suka saka layin. Ɗan ƙanwata tsohuwar ya sauko da ita, don ita ya fara cin karo da ita. Da tsohon mudun da masu shi suka riga suka sauya za a raba wa yaranmu kujerar mota.

"To idon koci, shi adali ne?"

Wannan ne ƙorafin da ya fi ƙarfi, kuma wani abokina malamin lissafi ne ya jefe ni da shi a majalisa. Ya ce, "Malam, kai ma ka san yadda ake zaɓen yara. Ɗan mai unguwa, ƙanen matar koci, wanda ubansa ya saya wa kulob jesi. Takarda ko ba komai ba ta san ɗan wane ba."

Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Ni kaina ina da yaran da nake so ba don komai ba sai don suna durƙusawa su gaishe ni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mai kallon fuskar ma yana da tasa zuciyar.

Sai dai takarda ma tana da nata 'yan lele. Ba ta san ɗan mai unguwa ba, amma ta san ɗan boko mai wayon gane amsar da ake so, marar nauyin baki wajen yabon kansa. Riga kawai ta sauya wa son kai, kuma nata ya fi wuyar kamawa. In koci ya zaɓi ƙanen matarsa gari zai yi magana, shi ma ya san an sani. In ya ce kwamfuta ce ta fitar, wa zai ja?

In adalci ake nema, akwai abubuwan da ake ƙirgawa ba sai an tono zuciyar kowa ba, kuma littafin rubutu guda ya isa. Wa ya zo ranar da ba wasa ba 'yan kallo? Wa ya tsaya bayan an tashi yana dukan bangon aji da ƙafar hagu? Wa ya dawo washegarin ranar da aka lallasa mu huɗu da nema? Wa ya ci gaba da zuwa bayan ya ɗumama benci wasa uku a jere? Shi ma wannan sai da hattara, domin yaron da ya ɓace a watan Yuli yana gona ne. A ƙirga rani, a bar damina.

Bayan haka ma, gwajin na ƙwallo ne. A kai wanda ya iya.

Inda za ta yi amfani

A cire sunaye. Koci ya tafi shan shayi. A fassara ta yadda ya kamata, wanda bai iya karatu ba a karanta masa a keɓe. A yi a farkon kakar wasa, a sake a ƙarshenta, sannan a haɗa makin yaran gaba ɗaya ba tare da leƙa na mutum ɗaya ba.

In yara 23 sun shigo da ɗoki suka fita suna cewa ba su san me suke yi a nan ba, sai a dubi mai busa usur. A dubi zagin iyaye a gaban jama'a, da tsallen kwaɗo don an zubar da fenareti, da atisayen da yaro ba shi da bakin magana a cikinsa, da alƙawarin da ba a cikawa. A binciken 'yan ninƙayar nan ma, an tambaye su yadda suke ganin kocinsu, mai ba su dama ne ko mai danniya, kuma irin ƙaimin da suka nuna ya bi sawun wannan amsa.

Na faɗa wa kocinmu haka. Bai ji daɗi ba. Ya ce, "Malam, wato ni za a yi wa jarrabawa ke nan?" Mutumin kirki ne, shekara tara yana wannan aiki ba ko sisi, matarsa na yi masa gorin ya mayar da 'ya'yan mutane nasa. Da za a miƙa masa takardar shi ma, ban san me zai zagaye ba.

Tafiyar Kano dai ba a yi ba. Ɗan siyasar da ya yi alƙawarin kuɗin mota ya daina ɗaga waya. Ranar Laraba koci ya tara yara ya ce an ɗage sai abin da hali ya yi. Ranar Alhamis na je fili da gangan, na zauna a kan babur ɗina daga nesa.

Yara tara suka zo. Golan na nan, ya kafa duwatsu biyu yana roƙon wani ƙaramin yaro ya riƙa buga masa. Ɗan wasan tsakiya bai zo ba. Amma kada in yi zalunci, biyu daga cikin masu zagaye 7 daga sama har ƙasa sun zo, kuma wani yaro da zan iya rantsuwa ƙwallo a jininsa take bai zo ba. Daga baya na ji babansa ne ya tura shi ƙwadagon yankan shinkafa wajen Auyo.

Makon jiya ɗan ƙanwata ya kira ni, ya ce ya gama lissafi kuma malaminsa ya yaba. Na ce ya ƙara shafi ɗaya a kan abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan. Ya ce, "Kawu, babu gurbinsa a tsarin da aka ba mu." Na tambaye shi na nawa golan ya zo. Na ji ƙarar buɗe takardu, sannan ya ce na 19 cikin 23.